Kabarin da ba a iya kai wa ziyara

Mutumin Tasawa ko na Mayahi bai san teku ba. Babban ruwan da ya sani shi ne tabkin damina, sai Gulbin Kaba wanda rairayi da kaba suka fi ruwa yawa a cikinsa. Amma akwai abu guda da ya haɗa shi da iyalan matuƙan jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin teku, wato zafin rasa mutum ba tare da an ga gawarsa ba.

A Mayahi akwai wani falke mai sayen wake yana kai wa Maradi. A zamanin yaƙin duniya na biyu aka ɗauki ƙanen kakansa soja, aka yi yamma da shi, daga nan labarinsa ya yanke. Takarda ba ta zo ba, kuma cikin mazan jiya da suka komo gida ba wanda ya ce ga inda ya faɗi. Matarsa ta yi jira shekara da shekaru, har alƙali ya ba ta izinin takaba, ta sake aure. Uwarsa kuwa har ta koma ga Ubangijinta ba ta yarda an raba tufafinsa ba. Falken ya gaji al'adar gidan: kowace shekara in azumi ya kama, sai a yi sadakar hura da sunan mutumin da ba mai rai ɗaya da ya san fuskarsa.

A watan Yuli na 2019 ya ji a rediyo cewa an gano Minerve, jirgin ƙarƙashin teku na Faransa wanda ya ɓace ranar 27 ga Janairu 1968 da mutum 52 a cikinsa, kusa da Toulon. Shekara 51 iyalansu suna jira, kafin a same shi a zurfin da ya wuce mita 2.300. Ba a ciro kowa ba. An bar jirgin ya zama kabarinsu, aka kai dangi bisa wurin suka yi bankwana. Abin da ya tsaya wa falken a rai shi ne, duk tsawon wannan jira sunayen mutanen 52 suna rubuce, ba ɗaya da ya salwanta.

Haka ƙasashen bakin teku suke yi da mutanensu na yaƙi. Cikin Jamusawa kimanin dubu 40 da suka yi aiki a irin waɗannan jirage a yaƙin duniya na biyu, kusan dubu 30 ba su komo ba. A Möltenort, kusa da birnin Kiel, an zana sunayensu a allunan tagulla, jirgi bayan jirgi. Surcouf na Faransa ya ɓace a Fabrairu 1942 da mutum 130, ba a ga ko ɓarɓashinsa ba, amma an san sunan kowane ɗayansu.

Wannan yaƙi na cikin ruwa ya ci ƴan Afirka ta Yamma su ma. Ranar 8 ga Yuni 1917, jirgin Sequana da ya ɗauko sojojin Afirka 400 daga Dakar ya kusa isa Faransa, sai jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba UC-72 ya harbe shi kusa da tsibirin Yeu. Mutum 207 suka mutu, 198 daga cikinsu sojojin nan ne na Afirka. A watan Agusta na shekarar, shi ma UC-72 ya ɓace da dukan mutanensa, sai a 2013 aka gano shi kwance a gindin teku. Da mai harbi da wanda aka harba, ruwan gishiri ɗaya ya rufe su. Kowane kuwa ya bar uwa tana duban hanya.

To, mu nan fa? Wanda ya bi hanyar Tasawa zuwa Damagaram zai wuce ta Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke. A Yuli 1899 mutanen Voulet suka kashe Kanal Klobb a Dankori, kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya suka kashe su biyun. Waɗannan Nasara uku an san sunansu, an san ranar mutuwar kowane. Talakawan da rundunar ta hallaka a Birnin Konni da Koran Kalgo da garuruwan da ke tsakani kuwa, ba rajistar da ta ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya saura daga labarinsu yana bakin tsofaffi, su ma sun ji ne daga kakanninsu. Haka yake ga samarin da aka ɗauka soja daga baya ba su komo ba.

Gano jirgi a gindin teku aiki ne na masu dukiya da na'ura. Rubuta suna kuwa littafi da alƙalami kawai yake bukata. Malamin lakkol yana iya tambayar ɗalibansa wane ne aka rasa a gidajensu. Ma'aikacin meri yana iya ware rajista guda, falke kuma yana iya ɗauke kuɗin takarda da na mota zuwa ƙauyuka. A rubuta sunan mutum, da na ubansa, da garinsu, da shekarar da aka yi masa ganin ƙarshe. Duk tsohon da aka kai makwancinsa ba a tambaye shi ba, da sunaye yake tafiya, kuma ba na'urar da za ta sake gano su.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, da waɗanda ƙasa ta ɓoye ba alama.