Baba Ba Ya Jin Ƙishirwa

A gidanmu na Tsafe ana alfahari da cewa Baba, mai shekara 81, ya fi samari jure azumi. A na 2024, da ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, tun azahar muke lasar leɓe, shi ko a jikinsa.

Ni abin tsoro yake ba ni. Idan mutum ya tsufa jin ƙishirwa ne ke dusashewa, buƙatar ruwan tana nan daram. Tsoka, wadda ita ce ma'ajiyar ruwa, ta zube. Ƙoda ta rage tattali, fitsari na tafiya da abin da ya saura. Jiki na bushewa, maƙogwaro shiru. Sai jiri, sai ruɗewa, irin wadda ta sa wata la'asar ya kira ni da sunan ƙanensa na Bungudu da ya daɗe da rasuwa.

Yayata ta Gusau ta ce a ciyar masa, shari'a ta yarda. Gaskiyarta. To, wa zai tunkare shi da maganar?

Da sahur nake zama gefensa ina ƙirga kofuna.

"Baba, a daure a ƙara ɗaya."

A na biyu yake ture hannuna.