Filin St Andrews da Na Taɓa Takawa

A lokacin da nake ganiyar ƙarfina, aiki ya kai ni Birtaniya, na kuwa ɗauri niyyar ba zan dawo gida ba sai na buga ƙwallon golf a tsohon filin St Andrews da ke gaɓar teku a gabashin Sikotland. A Arewa na koyi wasan, inda yashi ake shimfiɗawa kewaye da rami a zuba masa baƙin mai, don haka na daɗe ina ɗokin ganin mahaifarsa.

Shiga filin ba ta hanyar sanayya ba ce. Na ba da sunana cikin ƙuri'ar da ake fitarwa kwana biyu kafin ranar wasa, tare da shaidar matakin ƙwarewata, Allah kuma ya sa rabona ya rantse. Da na tsaya a wurin bugun farko, sai na ga fili shimfiɗe, babu bishiya, sai gajeriyar ciyawa a kan yashi, da tuddai, da ƙayoyi masu furanni rawaya. Iskar teku ce ke da iko a wurin. Dattijon da ya ɗauki jakata ya ce mini, "Ranka ya daɗe, kada ka ɗaga ƙwallo sama, iska za ta kwashe ta. Bar ta ta bi ƙasa." Shawarar nan ita ta fisshe ni.

Gurabun yashi 112 ne a filin, wasunsu ba a hango su sai an zo bakinsu. Na leƙa babban da ke rami na 14, wanda suke kira Hell Bunker, na ga zurfinsa ya fi tsayin mutum, gefensa kuma an jera shi da yankakkiyar ciyawa kamar yadda magini ke jera tubali. A nan na ƙara girmama Tiger Woods, wanda ya lashe gasar Open ta 2000 a wannan fili ba tare da ƙwallonsa ta faɗa ko ɗaya daga cikin gurabun ba. A rami na 17 kuwa, ta saman kusurwar harabar otal ake buga ƙwallo, ga kwalta da katangar dutse a bayan rami suna jiran wanda ya wuce gona da iri. Daga nan muka haye ƙaramar gadar dutse ta Swilcan, inda Jack Nicklaus ya tsaya ya yi bankwana da gasar a 2005.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne tarihin mallakar wurin. A 1457 Sarki James na Biyu ya haramta wasan don yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka, duk da haka wasan bai mutu ba. A 1552 aka tabbatar wa mutanen garin haƙƙinsu na yin wasa a filin. A nan ne kuma aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 a 1764, duniya ta bi sahu. Har yau filin na jama'a ne, kuma ranar Lahadi ake hutar da shi. Na koma ranar da kaina, na tarar da iyaye da 'ya'yansu suna yawo a kan ciyawar da zakarun duniya suke takawa, ba wanda ya tare su.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da na ga an yanka filin wasan yara a garuruwanmu an mai da shi shaguna, sai zuciyata ta sosu. Mutanen St Andrews sun riƙe nasu filin fiye da shekara 400, ya zame musu abin alfahari da hanyar abinci. Ya kamata masu unguwanni da hukumominmu su tsare 'yan filayen da suka rage mana, domin na al'umma ne, da mu da jikokinmu.