Shaddar Juma'a, kwat ɗin Litinin: wa ke cin kuɗin suturarmu?



Duk wanda ke shiga banki ko ofishin kamfani a ƙasar nan ya san abin da zan faɗa. Ranar Juma'a ma'aikata sun sha shadda, ga hula, ga turare, mata sun ɗaura kallabi. Litinin na zuwa, mutanen nan dai sun koma cikin kwat da karabat. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai ka ga saurayi bisa kabu-kabu, wuya a shaƙe, gumi ya jiƙa bayan rigarsa tun bai kai biro ba. In kuran ya ɗauke, kilim ya tsaya, to sai haƙuri.

A ma'aikatun gwamnati wannan magana ta daɗe da ƙarewa. Tun zamanin Diori Hamani shugabanninmu ke sa babbar riga, ba wanda ya ce ta rage musu kwarjini. Inda abin ya rage shi ne bankuna, kamfanonin waya, na inshora da wasu ƙungiyoyi. Sau da yawa ma ba a rubuce dokar take ba, kallon patoro kawai ya isa.

Kwanaki mun kawo batun a shirinmu na kiran waya. Wani matashi ya ce an kira shi ganawar ɗaukar aiki, ya je da kaftani mai tsabta, gogagge. Tun daga bakin ƙofa aka ba shi shawara ya koma ya sako kwat. Da kuɗin aro ya je ya sayo ta bosho. Ku duba fa: rigar da wani Bature ya gama sawa ya yar, ita ce ta fi wadda telan unguwarsu ya ɗinka masa sabuwa.

Amma kiran da ya fi tsaya mini a rai na wani dattijo ne, tela. Cewa ya yi: "Ɗana, kuna ta cewa kayan gida, kayan gida. Shaddar da ke jikinka, a wane gida aka saƙa ta?"

Gaskiya ya faɗa. Shadda gezna da muke alfahari da ita, kamfanin Getzner ke yin ta a ƙasar Ostiriya. Atamfa mai tsada ta Vlisco daga Holand take. Mai sauƙin kuɗi kuma galibi daga Sin ake kawo ta. Masaƙar Sonitextil ta Yamai, wadda iyayenmu mata suka ɗaura zannuwanta, ta zama labari. Ke nan ko ranar Juma'a, mafi yawan kuɗin da muka zuba a sutura ƙetare yake tafiya. Abin da ke saura a nan shi ne ladan tela, mai surfani, mai bugu da mai guga.

To wannan ladan ma ba ƙaramin abu ba ne. Kwat ɗin kanti ko na bosho, ba hannun ɗan ƙasa ko guda da ya taɓa ɗinkinta. Kaftani ɗaya kuwa yana bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya hau jikinka, kuma kowane hannu akwai bakuna a bayansa. Telan nan ya ce aikinsu na salla ne: ƙaramar salla da babba ba barci, daga nan sai zaman jiran biki. Ma'aikacin kamfani shi ne mai albashin da ba ya yankewa. In yana sa ɗinkin gida kwana biyar a mako, tela ya samu ciniki shekara zagaye.

Maƙwabtanmu sun riga mu gane haka. A Burkina Faso, Thomas Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikata sa faso dan fani, saƙin audugar ƙasarsu, kuma har yau mata masaƙa na cin abinci da shi. Gana ta ƙaddamar da tsarin sa kayan gida ranar Juma'a a 2004. Mu ma ba mu rasa abin nunawa ba. Muna da tera-tera na yankin Tera, muna da saƙi da rinin baba na ƙasar Hausa, muna da dukawan Damagaram da takalman Agadas. Alphadi ya buɗe bikin FIMA a cikin hamada tun 1998, duniya ta zo ta gani. A SAFEM ta Yamai, duk wanda ya zagaya rumfunan mata ya san hannu akwai. Mai saye na kullum ne babu.

Na san abin da wasu za su ce, don sun faɗa a waya. Babbar riga ba ta dace da mai zama a gishe yana ƙirga kuɗi ba. Haka ne, amma wa ya ce dole sai babbar riga? Akwai kaftani, akwai jamfa, akwai ɗinki mai gajeren hannu. Wasu sun ce saƙi na da nauyi da tsada, wani kuma yana zuba. Wannan ma gaskiya ne, sai dai masaƙi ba zai gyara aikinsa ba in sau ɗaya a shekara ake tuna shi. Sai kuma maganar alƙawarin tela, wadda ta sa kowa dariya a studiyo. ’Yan'uwana teloli, wannan kam taku ce. Wanda zai je aiki Litinin ba zai jira "dawo jibi" ba.

Roƙona ga shugabannin kamfanoni guda biyu ne. Na farko, ku rubuta a fili cewa ɗinkin gida mai tsabta sutura ce ta aiki kowace rana, har ranar ganawar ɗaukar aiki. Mai son kwat ya sa abinsa, ba a hana kowa ba. Na biyu, in za ku yi wa ma'aikata kayan bai ɗaya, ku ba ƙungiyoyin teloli da masaƙa na garin da kuke cin kasuwa a cikinsa. Kuɗin da ke cikin asusunku, ai daga aljihun mutanen nan ya fito.

Mu kuma ma'aikata, ko riga guda ta saƙi kowa ya ɗinka a bana, an fara. Da yayyafi kogi ke cika.

Ku da ke aiki a irin waɗannan wurare, yaya abin yake a wajenku? An taɓa mayar da wani gida saboda kaftani? Ku rubuto a ƙasa, zan karanta wasu a shiri mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya sa wa sana'ar kowa albarka.