Turin, Birnin da Aka Haifi Kujerar Buhu

Magabata sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda yake son ya ga wannan karin magana tana tafiya da ƙafafunta, to ya ziyarci birnin Turin na ƙasar Italiya, ya ga yadda kayan da iyaye suka jefar jiya suka zama abin da 'ya'ya ke ciniki a kai yau, ya kuma ga dattawa suna biyan kuɗi mai tsoka domin su sake mallakar abin da suka taɓa kyautarwa da hannunsu.

Turin tana arewa maso yammacin Italiya, a lardin Piyemonte, kusa da iyakar Faransa. Kogin Po ya ratsa ta gabashinta, duwatsun Alp kuma sun yi mata katanga daga yamma da arewa, ta yadda idan gari ya waye sarai mutum zai tsaya a tsakiyar titi ya hango ƙanƙara a ƙarshensa. Titunanta a miƙe suke kamar an ja su da zare, kuma akwai rumfunan dutse a gefen manyan hanyoyi waɗanda tsawonsu ya kai kimanin kilomita 18, mai tafiya ba ruwansa da ruwan sama ko rana. Ita ce babban birnin Italiya na farko bayan haɗewar ƙasar a 1861, kafin a mayar da gwamnati Filorans a 1865. Da sarauta ta bar ta sai masana'antu suka karɓe ta. An kafa kamfanin motoci na Fiat a nan a 1899, kuma bayan yaƙin duniya na biyu dubban ɗaruruwan talakawa daga kudancin ƙasar suka yi ta kwarara zuwa cikinta neman aiki, har yawan jama'arta ya kusanci miliyan 1 da dubu 200 a farkon shekarun 1970. A yau mutanenta ba su kai dubu 900 ba.

A cikin wannan birni na ƙarfe da hayaƙi ne, a shekarar 1968, wasu samari uku masu zanen gine-gine da kayan ɗaki, Piero Gatti da Cesare Paolini da Franco Teodoro, suka fito da kujerar da ba ta da ƙafa, ba ta da majingina, ba ta da katako ko ƙusa ko ɗaya. Sun sa mata suna Sacco, wato buhu. Dukkansu shekarunsu ba su wuce talatin da ɗaya ba. Lokacin kuwa lokaci ne na bore: ɗaliban jami'ar Turin sun mamaye ginin makarantarsu tun ƙarshen 1967, a 1969 kuma ma'aikatan Fiat suka shiga yajin aiki mai zafi. Matasa sun gaji da falon iyayensu inda kowace kujera take da mai ita, take kuma tilasta wa mutum ya zauna a miƙe kamar yana gaban alƙali. Suna son abin zama wanda zai bi jikin mutum yadda ya ga dama.

Dabarar da suka yi mai sauƙi ce. An ɗinka fata ko leda mai kauri a siffar buhun da ya yi faɗi a ƙasa ya tsuke a sama, aka zuba masa ƙananan ƙwayoyin farar roba mai kumfa, irin wadda ake tokare sabon talabijin da ita a cikin kwali, amma ba a cika shi fal ba. Wannan ragowar fili ita ce sirrin. Idan mutum ya zauna, ƙwayoyin sai su gudu daga ƙarƙashinsa su taru a bayansa da gefensa, buhun ya ɗauki siffar jikinsa, ya tallafe shi. Yaro ma yana iya ɗaukarsa da hannu ɗaya daga ɗaki zuwa ɗaki. Su masu ƙirƙirar sun ce sun ɗauko tunanin daga katifun manoman ƙauye waɗanda ake cusa wa busasshen ganye. Duk wanda ya taɓa kwana a kan katifar ciyawa ko ta audugar rimi a gidan kakarsa ya san abin da suke nufi. Kamfanin Zanotta da ke kusa da Milan ya karɓi aikin, kuma har yanzu yana yin ta.

Kafin a ce me, kujerar ta zama tambarin zamaninta. An nuna ta a babban baje kolin kayan ɗakin Italiya da aka yi a gidan adana fasahar zamani na birnin Niyok a 1972, kuma tana cikin kayan da manyan gidajen tarihi na Landan da Paris suke ajiye da su. A gida Italiya kuwa, ɗan wasan barkwanci Paolo Villaggio ne ya shigar da ita zukatan talakawa. Yana fitowa a matsayin wani ƙaramin ma'aikaci matsoraci mai suna Fracchia, wanda duk lokacin da maigidansa ya kira shi ofis sai a nuna masa buhun nan a ce ya zauna, shi kuwa ya yi ta birgima yana zamewa ƙasa yana neman mutuncinsa, maigida na kallonsa daga bayan tebur. Har gobe Italiyawa da yawa da sunan wannan bawan Allah suke kiran kujerar. Masu kwaikwayo sun cika duniya da irinta masu araha, kuma a nan akwai jan kunne ga iyaye: a 1995 hukumomin Amurka sun sa an janye miliyoyin irin waɗannan na kwaikwayo domin a gyara su, bayan wasu yara sun zuge zif ɗin, sun shaƙi ƙwayoyin robar, sun rasa rayukansu. Wanda ya saya wa gidansa, ya tabbata yaro ba zai iya buɗe ta ba.

Inda wannan tarihi yake fitowa fili a shimfiɗa shi a ƙasa shi ne kasuwar Balon, a unguwar Borgo Dora, gab da ƙaramin kogin Dora. Tana ci kowace Asabar, babbar kuma, wadda suke kira Gran Balon, tana ci ranar Lahadi ta biyu a kowane wata. Asalinta kasuwar 'yan gwangwan ce da masu tsince-tsince, har yanzu kuma da sauran wannan ƙamshi a jikinta. Na shiga da hantsi, na bi lunguna masu daɓen dutse, ina ratsa tebura da tabarmi. Ga wayar tarho mai lambobi a kan faifai wadda ake juyawa da yatsa. Ga fitilu masu launin ruwan lemo da kore shar, launukan da aka yi yayi a shekarun 1970. Ga akwatunan rediyo, da faya-fayan garmaho a jere cikin kwalaye, matasa sun durƙusa suna bincikawa ɗaya bayan ɗaya kamar masu neman baƙi a littafi. Ga keken rubutu na Olivetti, wanda a dā ake ƙerawa a garin Ivrea da ke arewa da Turin, har da jan nan mai suna Valentine na 1969, wanda a yau ake saya a ɗora a kan kanta domin ado, ba wanda zai buga wasiƙa da shi. A ƙofar wani shago kuma ga buhun nan a zaune, fatarsa ta koɗe, ya lotsa a tsakiya saboda yawan waɗanda suka zauna a kansa.

Masu saye iri biyu ne, kuma kowane da abin da ya kawo shi. Akwai samari da 'yan mata waɗanda ba a haife su ba lokacin da aka yi kayan. Su abin sabo ne a idonsu, sun gaji da kayan da kowa yake da irinsu, suna son abu mai nauyi a hannu. Su ne suka farfaɗo da faifan garmaho, har a 2022 yawan wanda aka sayar a Amurka ya zarce na faifan CD, karo na farko tun 1987. Sai kuma masu furfura, waɗanda ba su cika taya kaya ba. Sukan ɗauki abu su juya shi, su kira abokin tafiya su nuna masa, su ce gidanmu akwai irin wannan. A gabana wani dattijo da sandarsa ya nemi izinin mai shago ya zauna a kan buhun. Ya nutse a ciki, ya lumshe ido, fuskarsa ta washe. Da ya zo tashi sai abu ya gagara, domin kujerar ba ta da hannun da za a dafa, gwiwa kuma ta riga ta ba da hutu. Sai da mai shago da wata mata da nake zaton 'yarsa ce suka kama shi hannu bibbiyu, shi da kansa yana dariya har da hawaye. Wanda yake da shekara 20 a 1968 ya haura 75 yanzu. An yi kujerar ne domin jiki mai tashi zumbur daga ƙasa, kuma wannan jikin ba a sayar da shi a Balon.

'Yan kasuwa sun daɗe da gane cewa bege yana da farashi, kuma babu inda aka fi nuna haka kamar a unguwar Lingotto da ke kudancin birnin. A can Fiat ta buɗe wata katafariyar masana'anta a 1923, mai hawa biyar. Kayan aiki suna shiga ta ƙasa, mota tana haɗuwa tana hawa bene bayan bene, har ta fito a kan rufi inda aka shimfiɗa hanyar gwaji. An rufe ta a 1982. A yau ginin ya zama kantuna da masauki da zauren taro, hanyar rufin kuma ta zama lambu inda iyalai ke yawo. Ƙaramar motar nan Fiat 500, wadda tsawonta bai kai mita 3 ba, ta fito ranar 4 ga Yuli 1957, ita ce motar farko ga ɗimbin ma'aikata, aka daina yin ta a 1975. Ranar 4 ga Yuli 2007, shekara 50 cif, kamfanin ya yi gagarumin biki a bakin kogin Po ya fito da sabuwa mai fuskar tsohuwar. Sai dai a ƙasar Polan aka ƙera ta, kuma ta zama motar ƙawa ga masu hali. Siffar ta dawo, amma aikin da ya ciyar da unguwannin Turin bai dawo tare da ita yadda yake a dā ba. Ita ma kujerar buhu an ba ta babbar lambar girmamawa ta masu zanen kaya na Italiya a 2020, lokacin da duk su ukun da suka ƙirƙire ta sun riga sun bar duniya.

Kalmar da Turawa ke kiran wannan ciwo da ita, nostalji, wani ɗalibin likita mai suna Johannes Hofer ne ya haɗa ta a birnin Bazel a 1688, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar komawa gida da raɗaɗi. A wancan lokaci yana nufin ciwon kewar gida da ke kwantar da mutanen Suwizalan idan sun yi nisa da duwatsunsu. Daga baya ne ma'anar ta sauya daga kewar wuri zuwa kewar lokaci. A Turin ana ganin biyun kafaɗa da kafaɗa, domin taki kaɗan daga Balon sai ka faɗa Porta Palazzo, wadda ake cewa ita ce kasuwar fili mafi girma a Turai. A dā 'yan kudancin Italiya ne ke taruwa a nan su ji harshen garinsu. Yanzu 'yan Maroko da Romaniya da Sin da Afirka ta Yamma sun shigo, ana sayar da na'ana'a dami-dami da kuɓewa da doya. Mai kewar gida yana iya tara kuɗin jirgi ya je ya ga mahaifiyarsa. Mai kewar ƙuruciya ba shi da tashar da zai yanki tikiti, shi ya sa yake sayen fitila ko faifai ko buhu ya ajiye a ɗaki.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba ce, domin mutum yakan tuna bara saboda waɗanda ya yi barar tare da su. Dattijon Balon yana da falo da kujeru masu taushi a gidansa. Abin da ya lumshe wa ido shi ne ɗakin da aka taɓa cika da abokai, waɗanda wasunsu suna ƙarƙashin ƙasa. Mu ma muna da namu irin kayan: tumtum na fata da dukawa ke ɗinkawa, da fitilar ƙwai, da gado mai rumfa, da jeren tasoshi da kwalla a ɗakin uwa, da rediyon da uba ke rungumewa bayan sallar isha'i. Da yawa mun sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai kai na cefanen yini ba, domin mu sami wurin ajiye kayan roba. Ba a ce a mayar da gida ma'ajiyar tarkace ba, kuma ba hikima ba ce magidanci ya ci bashi domin ya sayi yayin da ya wuce ko wanda ya dawo. Amma kafin a fitar da wani tsohon abu daga ɗakin tsohuwa, ya kamata a tambaye ta, a zaunar da jikoki ta gaya musu wa ya saya, a wace kasuwa, a shekarar wane abu. Tasa takan daɗe shekara ɗari, mai ba da labarinta kuwa kwanansa ƙidayayyu ne.

Wanda Allah ya kai shi Turin, ya daidaita tafiyarsa da Lahadi ta biyu a wata, ya fita da wuri, ya sa takalmi mai daɗin tafiya saboda daɓen dutse, ya kula da aljihunsa a cikin cunkoso kamar kowace babbar kasuwa. Idan ya gaji, akwai shagunan 'yan Maroko a kewayen Porta Palazzo inda zai sami shayi mai zafi da abincin halal. Allah ya ba iyayenmu tsufa mai albarka, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, mu kuma ya sa mu gama da duniya lafiya.