Nas ce ke shan marin da ba nata ba

A asibitocinmu na gwamnati, wanda bai yanke shawarar komai ba shi ke shan mari. Ba nas ce ta ce babu gado ba, ba ita ta ƙarar da jini ba, ba ita ta bar likita ɗaya da sashen gaggawa har asuba ba. Amma ita ce ke tsaye a gaban mai jinya, tana miƙa masa takarda a je a sayo safar hannu da sirinji da ledar ƙarin ruwa. To a kanta fushin ke sauka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya kan sha duka ko makamancinsa a tsawon aikinsu. Masu shan zagi da barazana sun fi haka yawa.

Ni a ganina yawancin rigimar daga shiru take tashi. Mutum ya kawo mahaifiyarsa, tana kan benci tun la'asar, yana yi mata fifita da katin asibiti. Sai ga wani an shigo da shi daga haɗarin babur, an wuce da shi ciki kai tsaye. A ransa sai ya ce wannan ɗan gida ne, yana da hanya. Babu wanda ya gaya masa cewa a sashen gaggawa ba layi ake bi ba, wanda ransa ya fi shiga haɗari shi ake fara gani. Da akwai ma'aikaci guda da ke zagayawa yana cewa "Baba, an ga katinku, saura mutum biyu," da hannaye da yawa ba su ɗagu ba.

Sai taron dangi. Mara lafiya ɗaya, masu rakiya goma, kowa da tasa tambayar. A ba mai jinya ɗaya katin shiga, sauran su jira a waje, mai gadi kuma ya san aikinsa ya wuce buɗe ƙofa.

Na san za a ce wasu ma'aikatan ma bakinsu babu daɗi, musamman a ɗakin haihuwa. Gaskiya ne, tsawar nan tana ciwo. Amma akwai inda ake kai ƙorafi, kamar teburin SERVICOM a asibitocin tarayya, kuma ya kamata a gan shi yana aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan marin. Dattawa su zo, a ce ɓacin rai ne, a yi haƙuri, magana ta mutu. A Ingila tun 2018 akwai doka ta musamman kan dukan ma'aikatan agajin gaggawa, a 2022 aka ƙara iyakar hukuncin zuwa ɗaurin shekara biyu. Mu kuwa a 2024 hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Albashi ne babban dalili, amma wadda aka mara jiya aka ce ta yafe, ta dawo aikin dare yau, me zai riƙe ta?

Shugabannin asibiti su rubuta kowace aukuwa, kuma idan za a je wurin 'yan sanda, asibitin ne zai shigar da ƙara, ba a bar nas ta je ita kaɗai ba.