Tsumman Da Na Manta

A Garwa idan bel ɗin babur ya tsinke ba ma cewa bel. Makanikai sun aro kalmar daga Faransanci, a bakinmu ta koma "kurwa". Don haka in ka ji mutum a gefen titi yana waya yana cewa kurwarsa ta tsinke, kada ka yi salati, babur ɗinsa yake nufi. Tawa ta tsinke sau uku cikin mako biyar a bazarar 2024, kuma a kan ta ukun na ci mutuncin dattijon da bai yi mini laifin komai ba.

Babur ɗina irin marar giyar nan ne, sukuta, na hannu na saya. Ina da ɗan kanti a unguwar Yelwa, kuma kowace Lahadi nakan tafi kasuwar Pitowa in saro busasshen kifi da albasa da gyaɗa. Tafiyar ba ta wuce kilomita goma sha biyar, amma a dawowa nakan yi wa babur ɗin lodin da ko jaki sai ya harare ni. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai mahaifiyata asibiti. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 fetur ɗin zuwa-zuwa ya daina araha, kuɗin ɗan acaba ya ƙaru, ranar da babur ɗin ya kwana a gareji ribar kantin ta tafi.

Ta farko ta tsinke ne a farkon Maris, ban damu ba, don ta daɗe. Na je wurin Alhaji mai kayan gyara, aminin marigayi mahaifina, wanda ke kawo kayansa daga Yola da Mubi. Na sayi sabuwa, wani yaro a bakin kasuwa ya kwance murfin ya saka mini cikin minti ashirin. Mako uku ta yi. Kafin ta tsinke ta yi ta ba ni alama, ni ne ban iya karantawa ba: in na murɗa mai sai inji ya yi ta kuka babur bai ƙara gudu ba, in zan tashi daga tsaye sai ya yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi, ga wani ƙauri na roba da nake ɗora wa kwalta laifinsa. Ta biyun Alhaji bashi ya ba ni.

Ta ukun ita ce ta fusata ni. Ana saura kwana uku Sallah, da azumi a bakina, wajen ƙarfe biyu na rana, ina tafe daga Pitowa da kayan da zan sayar in ɗinka wa yara. Wanda ya san zafin Garwa a Afirilu ya san ma'auni yakan haura arba'in. Na ji "fat" a ƙarƙashina, inji ya tashi sama, babur ya ci gaba da gangarawa shi kaɗai har ya tsaya. Na tura shi da lodi har sai da wani mai a-kori-kura ya tausaya mini. Ban wuce gida ba. Shagon Alhaji na nufa, na jefa masa guntayen kurwar a kan tebur gaban mutane, na ce jabu yake sayar wa jama'a, na ce da mahaifina yana raye da bai yi mini haka ba. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya buɗe aljihun tebur ya ƙirgo kuɗin ta farko ya miƙa mini, ya ce bashin ta biyun ma ya yafe. "Je ka sha ruwa tukuna, ɗana," abin da ya ce ke nan. Na karɓi kuɗin, kuma har yau wannan karɓar ta fi zagin damuna.

Bayan Sallah wani maƙwabcina ya kai ni wurin wani tsohon makaniki a Rumde Ajiya, ba nisa da filin wasa. Bai taɓa babur ɗin ba sai da ya nemi ganin matacciyar kurwar. Ya juya ta a hannu, ya shinshina, ya lanƙwasa wani guntu ya karye kamar busasshen ƙashi.

"Wannan ba tsufa ya kashe ta ba, dafuwa ta yi," in ji shi. "Dubi gefenta yadda yake ƙyalli kamar gilashi."

Na ce, "Baba, ai shi ne nake cewa jabu ce."

"Bari mu ji ta bakin babur ɗin."

Da ya buɗe murfin ya zaunar da ni ya nuna mini abin da na shekara huɗu ina hawa ban sani ba. Kurwar tana tsakanin faifai biyu ne a gaba da biyu a baya. A bayan faifan gaba akwai wasu ƴan dunƙule guda shida masu kama da guntun alli. Idan inji ya ƙara juyi sai su watsu waje, su matse faifan, kurwar ta hau sama, na baya kuma su buɗe ta nutse a tsakaninsu. Giyar babur ɗin ke nan gaba ɗaya. Kulocin yana can baya, takalma uku ne da ke buɗewa su kama cikin wani kwanon ƙarfe idan juyi ya kai. Nawa kwanon ya koma shuɗi saboda wuta, takalman sun yi santsi, shi ya sa karkarwar nan. Dunƙulen kuwa huɗu sun lotse ta gefe ɗaya, sun daina mirginawa, sai faifan ya riƙa maƙalewa kurwar tana zamewa a kansa. Ya ce yaron da ya saka mini sau biyu ya ga duk wannan, ko kuma bai duba ba, kuma duk ɗaya ne.

Wani almajirinsa ya matso da waya ya nuna mini bidiyon wasu Turawa cikin dusar ƙanƙara, sun buɗe gefen wani babur mai silalo suna canza irin wannan kurwar. Ashe tsarin ɗaya ne da na baburan ƙanƙarar da Bombardier ya fara sayarwa a Kanada a 1959. Su sanyi ke sandarar musu da roba, sai sun ɗumama ta kafin su tashi. Baba ya leƙa ya ce Allah ya ba mu rabin matsalarsu.

Amma bai gamsu ba. Ya ce lodi da zafi suna cin kurwa, sai dai ba cikin mako uku ba. Faifan gaba yana da fukafukai da ke jawo iska ta wata kafa a jikin murfin, su hura ta a kan kurwar da kulocin. Ya kwance ƴar robar da ke rufe kafar, ya zura filaya, ya jawo wani abu baƙi ƙirin, dunƙule da ƙurar hunturu guda. Ya warware shi a ƙasa. Hannun tsohuwar rigar makarantar ɗana ce.

Nan take na tuna. A watan Agusta, lokacin da Binuwai ta cika ruwa ya kwanta a hanyar gidanmu, na ji ana cewa ruwa na shiga ta nan ya sa kurwa zamewa. Ni da hannuna na yage rigar na toshe kafar, da niyyar in cire bayan damina. Sanyin hunturu ya rufa mini asiri wata uku, bazara ta tona.

Baba bai yi mini dariya ba. Ya goge takalman kulocin da takardar yashi, ya wanke faifan har babu maiƙo, ya sauya dunƙulen. Ya gargaɗe ni kada in bari kowa ya shafa wa wurin giris, in daina riƙe babur da mai a kan hawa, in raba kayan Pitowa sawu biyu. Sannan ya ce in je in sayo sabuwar kurwa. Na tambaye shi wa ke da mai kyau a garin nan, sai ya ambaci sunan Alhaji.

Kwana biyu ina kewaya shagon. Maman yara ce ta ce tun da a gaban mutane na yi ɓarin, a gaban mutane zan kwashe. Na jira bayan la'asar, lokacin da benci ke cika, na durƙusa na ajiye kuɗin kurwa biyu da tsumman a kan tebur, na faɗi yadda aka yi tun daga Agusta. Murya na rawa na ce, "Alhaji, ka yafe mini."

Ya ɗauki tsumman da yatsu biyu ya ɗaga shi sama yana dubawa. Ya ce ya yafe tun ranar, azumi ne da rana. Kuɗin ya karɓi na ɗaya ya turo mini na ɗayan, ya ce abin da ya yafe ba ya komawa aljihunsa. Tsumman kuwa ya ce ba zai ba ni ba.

Yana nan rataye a ƙusa, sama da inda yake jera kurwoyi. Ranar nan na je sayen fulogi na tarar da wani matashi yana ɗaga murya a kan tasa da ta tsinke. Alhaji ya nuna masa ƙusar, sannan ya nuna ni, ya ce in matso in ba shi labari.