Landan: Labarin Rami A Tambayi Ginin Da Ke Kansa

A titin Leinster Gardens da ke yammacin birnin Landan akwai jerin fararen benaye masu kama ɗaya. Sai mutum ya tsaya ya lura sannan zai gane cewa gida mai lamba 23 da mai lamba 24 ba gidaje ba ne. Tagoginsu fenti ne, ƙofofinsu kuma ba sa kai mutum ko'ina. Bango ne kawai aka tayar, bayansa kuwa wani wawakeken rami ne da jirgin ƙasa ke wucewa ta cikinsa.

Dalilin wannan ɓad-da-sawu yana cikin tarihin layin. A shekarar 1863 aka buɗe layin dogo na ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya, tsakanin Paddington da Farringdon, kuma injuna masu cin kwal ke jan taragunsa. Da aka faɗaɗa layin zuwa wannan unguwa a 1868, sai aka rushe gidajen biyu, aka bar wurin a buɗe domin injuna su riƙa sakin tururi da hayaƙin da suka tara. Bangon an yi shi ne don kada titin masu hali ya zama da giɓi. Tun daga ranar farko, ke nan, ramin bai iya rayuwa ba sai da mashaƙa a sama.

Tambayar da baƙo kan yi ita ce: tunda an kashe maƙudan kuɗi an nutsar da jirgi ƙasa don a huce da cunkoso, me ya sa za a sake cin fili mai tsada a gina tasha a sama? Ai a Paris yawancin tashoshin matakala ce kawai a gefen titi, da shinge da allo. Amsar tana ga zurfi. Yawancin layukan Paris kusa da fuskar titi suke, mutum ya sauka 'yan taku ya isa. A Landan kuwa, daga 1890 aka shiga huda yumɓun da birnin ke zaune a kai, ana nitsawa can ƙasa.

Duk mai son ganin abin da zurfi ke jawowa ya je Hampstead, tasha mafi zurfi a birnin. Dandamalinta yana ƙasa da titi da mita 58 da ɗoriya, matakalar gaggawa kuma ta haura taku 300. Ba mai iya wannan hawa kullum, don haka dole a sa lif, lif kuma yana buƙatar ɗakin injin da zai ja shi daga sama, kamar yadda rijiya mai zurfi ke buƙatar abin rataya guga a bakinta. Matashin mai zanen gine-gine Leslie Green, wanda ya rasu a 1908 yana ɗan shekara 33, shi ya tsara wannan tasha da 'yan uwanta irin su Russell Square da Covent Garden. Ya lulluɓe su da jan tayil mai duhu kamar jinin sa, ya sa wurin sayen tikiti a ƙasa, injunan lif a bene, bayan manyan tagogi masu baka. Ya kuma yi musu ƙashin ƙarfe da rufi shimfiɗaɗɗe, domin kamfani ya iya ɗora ofisoshi a kai ya karɓi haya. Ta haka filin ya riƙa biyan kuɗin kansa.

Bayan hawa da sauka sai iska. Jirgin lantarki ba ya hayaƙi, amma birkinsa da injinsa da jikin dubban fasinjoji duk zafi suke fitarwa, yumɓun da ke kewaye kuma ya sha zafin sama da shekara ɗari har ya ƙoshi. Shi ya sa birnin ke cike da ƙananan gine-gine marasa taga waɗanda mai wucewa ba ya kula da su, alhali manyan fankoki ne a ciki. A Islington, tsohuwar tashar City Road da aka rufe tun 1922 ta samu sabon aiki a 2020: ana kama zafin da ke fitowa daga ramin ana ɗumama ɗaruruwan gidaje da shi lokacin sanyi.

Dalili mafi nauyi shi ne rai. Ranar 18 ga Nuwamban 1987 wuta ta tashi a ƙarƙashin wata matakalar katako mai tafiya da kanta a tashar King's Cross. Ta bi gangaren ta yi sama, ta faɗa zauren tikiti, mutum 31 suka rasa rayukansu. Wuta da hayaƙi sama suke nema, nan ne kuma mutane ke gudu. Saboda haka tashar zamani ke buƙatar ƙofar fita fiye da ɗaya, da mafitar hayaƙi daban, da hanyar da 'yan kwana-kwana za su sauka ba tare da sun yi karo da masu tserewa ba. Kowace daga cikinsu sai ta ɓullo a wani wuri a doron ƙasa, kuma sai an yi mata gini.

Saura fuska. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya tallan kansa. Charles Holden ya fahimci haka da ya gina Arnos Grove a 1932, wani kewayayyen zaure na bulo da gilashi da hasken rana ke cika shi, da dare kuma ya haskaka unguwa kamar fitila. Aikinsa aikin zaure ne a gidan Bahaushe: nan baƙo ke gane gida, nan yake fakewa daga ruwa, nan ake tantance mai shiga.

Duk birnin da ke mafarkin irin wannan jirgi ya san cewa rabin lissafin yana sama. Ƙarƙashin ƙasa ba kowa, amma kowace ƙofa da kowace mashaƙa sai ta faɗa kan filin wani, kuma wanda bai tanadi wannan fili tun wuri ba zai saye shi da tsada, ko ya rushe gidajen mutane kamar yadda aka yi a Leinster Gardens.